Ranar da Sojan Jamus Ya Sha Kashi a Wara

Shekarun baya, a filin wata ƙaramar sakandare da ke Wara, aka warware tambayar da ta gagari manyan masana tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wato me ke tsayar da zalunci idan ya miƙe hanya. Littattafan da aka rubuta a kan tambayar nan sun isa su nutsar da kwalekwale. Ni kuwa a gabana aka ba da amsar, kyauta, da rana tsaka.

Lokacin ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato ba. Allon ƙofar makarantar ma fenti kawai aka shafa a kan tsohon suna aka rubuta Kebbi, in rana ta haska shi sai ka ga Sakkwato tana leƙowa ta ƙasa, kamar maƙwabcin da bai yarda an raba gida ba. Daga Yelwa aka turo ni in koyar da tarihi. Ina saurayi, ina da akwatin littattafai, da taye guda, da cikakken yaƙinin cewa duniya jira take in yi mata bayani.

Ajina 'ya'yan masunta ne da na 'yan kasuwa da na ma'aikata, sai yarinya ɗaya da ta fito daga ƙauyukan kan dutse, iyayenta manoma, masu zuwa coci. Ƙarama ce a jiki, ba ta da surutu, kuma ita ke cinye lissafi. A bakin ƙofar ajin akwai randa da moɗa ɗaya. Sai da na ɗan kwana biyu na lura da abin da kowa ya riga ya sani: in yarinyar nan ta sha ruwa, wanda ya biyo baya sai ya ɗauraye moɗar, ya sake ɗauraye ta, yana yatsina, sauran suna ƙunshe dariya. Jagoran abin shi ne monitan ajin, wani dogon yaro mai murya kamar injin jirgin ruwa. Daga baya ta sauƙaƙa wa kowa, ta daina shan ruwan gaba ɗaya.

Na yi musu nasiha, suka ce, "To, Malam." Na ambaci bulala, suka daina ɗauraye moɗar a gabana.

Wata ranar kasuwa mahaifin yarinyar ya zo. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya ƙi zama a kan kujerar da na miƙa masa.

"Malam, an ce ɗiyata ta iya lissahi. Na gode. Amma ban kawo ta nan ta koyi ƙishirwa ba. In kun yi hutu zan taho da keke in ɗauki akwatinta."

Na yi masa jawabi a kan amfanin ilimin 'ya mace. Ya saurara har na gama, ya ce ya ji, sannan ya maimaita maganar keken.

A wannan zangon ne manhaja ta kawo mu Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suka fi sani da yaƙin Bama. Littafin aji layi kaɗan ya ba kisan ƙare-dangin da gwamnatin Jamus ta wancan zamani ta yi wa Yahudawan Turai. Ni kuma na karanta fiye da haka, sai na ajiye littafin. Na gaya musu mutum wajen miliyan shida aka kashe, maza da mata da yara irinsu, ba don sun yi laifin komai ba sai don zuriyar da aka haife su a ciki. Na ce musu kuma ba da kisa aka fara ba. An fara da cewa kada su zauna a kan benci kaza, kada su shiga shago kaza, a fitar da 'ya'yansu daga makaranta, a liƙa musu tauraro a ƙirji don a gane su daga nesa. Ban ambaci moɗa ba. Moɗa da sansanin kisa ba abu ɗaya ba ne, kuma ban so yara su ɗauka haka nake nufi. Amma na ga idanu biyu uku sun saci kallon randar.

Can wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, maƙwabtansu fa? Tahiya suka yi?"

"Suna nan," na ce. "Mafi yawansu kallo suka yi. Kaɗan ne suka ɓoye mutane a gidajensu, suka sa ransu a kan haka."

A nan tunanin ya zo mini: mu yi wasan kwaikwayo ranar rufe makaranta, a gaban iyaye. Na kai wa shugaban makarantarmu maganar. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Yahudawa? A Wara? Malam, me ya haɗa kifi da kaska?"

"Ranka ya daɗe, zaman lafiya za mu koyar."

"To a koyar da shi cikin lafiya. Kuma kada a fasa mini benci."

Labarin wasan gajere ne. Wata mata ta ɓoye 'yar maƙwabtanta, soja ya zo bincike, ya gano yarinyar, ya ja ta ya tafi, mutanen unguwa suna tsaye ba wanda ya ce uffan. A nan wasan zai ƙare. Abokina malamin lissafi ya ce ƙarshen ya yi ɗaci, iyaye sun zo jin sakamako ne ba makoki ba. Na ce masa tarihi ba shayi ba ne da za a ƙara masa sukari. Na ji daɗin maganar nan tawa ƙwarai, har na sake faɗinta a ɗakin malamai.

Da aka zo rabon aiki, duk wani namiji a ajin soja yake so ya zama. Bayan duk bayanin da na zuba, abin da suka riƙe shi ne soja yana da izinin yin ihu a harabar makaranta. Monita ya cinye matsayin sojan da ƙarfin murya. Yarinyar da za a ɓoye kuwa ba wadda ta yarda. Ina cikin lallashi sai na ji wata ƙaramar murya daga baya.

"Malam, ni zan yi. Na iya zama shiru."

Yarinyar nan ce ta kan dutse. Na so in hana, don ina gudun kada wasa ya zama ƙarin abin tsokana. Amma karon farko ke nan da ta nemi wani abu a ajin, ban ga bakin da zan ce a'a da shi ba.

Monita ya ɗauki aikinsa da gaske. Ya aro tsohon kaki wurin maigadin makaranta, ya sassaƙa bindiga da guntun filafilin kwalekwale, ya ƙirƙiro Jamusanci nasa na kansa, wanda bai wuce tari da kakin majina ba. Shi ne kuma ya kawo maɓoyar: wani ƙaton kwando irin wanda mata ke zuba bandar kifi, har da ƙaurinsa. Yarinyar ta shige ƙarƙashinsa cif, kamar an gwada.

Ranar ta zo. Iyaye suka cika fili, maza a kan benci, mata a kan tabarmi. Can baya, gindin bedi, na hango mahaifin yarinyar tsaye, hannunsa a kan kekensa, ya naɗe igiyar roba a mazaunin baya. Ya cika alkawari.

Aka fara. Komai yana tafiya yadda na tsara. Aka kifa kwandon a kanta. Soja ya shigo yana buga ƙafa, ya zazzaga Jamusancinsa, yara ƙanana suka ruga bayan iyayensu mata. Ya ture matar gidan gefe. 'Yan unguwa suka jeru suka sunkuyar da kai yadda na koya musu. Ya zagaya kwandon, ya ɗaga ƙafa ya kai masa hauri. Ya sake kai masa. Daga ciki muka ji 'yar ƙara, ban sani ba ko ta wasa ce ko ta gaske.

"Kai! Kai wanga ɗan banzan miji!"

Wata tsohuwa ce ta miƙe daga cikin mata, gajera, zaninta ɗaure a ƙirji, sanda a hannu. Kakar monita ce, mai bandar kifi a bakin ruwa, kuma ko a filin yaƙi ba ta fasa kiransa miji ba, irin na wasan kaka da jika. Kafin in motsa ta tsallake layin tokar da muka ja a matsayin iyakar Turai.

"Inna, wasa ne!" in ji sojan Jamus, cikin Hausa tsantsa.

"Wasa? Mi aka wasa da ƙahwa? Sake ɗaga ta in gani!"

Ta sauke masa sandar a maƙyangyama. Ya jefar da bindiga. Ta ƙara masa a gadon baya. Rundunar da ta razana Turai ta zagaya tutar makaranta a guje tana kiran "Inna, don Allah!", hular kakin ta faɗi, fili ya kece da dariya, mata suna guɗa. 'Yan unguwar da na kwashe makonni ina koya wa tsayuwa shiru suka dubi juna, suka manta da ni, suka ruga suka kewaye kwandon suka riƙe hannu. Shugaban makaranta ya riƙe bencinsa da hannu biyu. Abokina ya matso kusa da kunnena.

"Malam, an zuba wa tarihinka sukari."

Tsohuwar ta dawo tana haki, ta ɗaga kwandon, ta duba shi, sannan ta dubi abin da ke ƙarƙashi. Yarinyar tana durƙushe, gumi ya jiƙa ta, tauraron kwalin da muka liƙa mata ya karkace.

"Subhanallahi. Ɗiyar wa ce wagga kuka gasa da rai? Taso, ɗiyata."

Ta fizge tauraron ta yar, ta ja ta zuwa tabarmarta, ta buɗe kwanon shanta ta kafa mata a baki. Yarinyar ta sha, ta sha, kamar tana biyan bashin zango guda. Tsohuwar ta karɓi kwanon ta kai nata bakin a daidai wurin, ta shanye sauran, ta goge baki da gefen zane. Duk ajina suna kallo. Monita ma yana kallo, daga bayan tuta.

Da hayaniya ta lafa na fito tsakiyar fili, tayena ya koma kafaɗa. Na gaya wa iyaye gaskiya: ba haka wasan ya kamata ya ƙare ba, kuma ba haka ya ƙare ba a can inda abin ya faru. A can yawancin yaran ba su sami wanda ya miƙe ba, an tafi da su ba su dawo ba. Dariya ta tsaya. Wani dattijo a layin gaba ya ce, "Allah shi kiyaye mu da zama 'yan kallo." Fili ya amsa da amin, har da masu zuwa coci. Shugaban makaranta kuwa, da ya tashi jawabi, ya bayyana cewa dama haka hukumar makaranta ta tsara.

Na iske mahaifin yarinyar gindin bedi yana kwance igiyar robar daga keken, yana naɗe ta a hannu.

"Malam, wagga tsohuwa 'yar uwarka ce?"

"Yau na fara ganinta."

Ya jinjina kai. "Garin da tsohuwa ka dukan soja saboda ɗiyata, ina iya barin ta nan."

Ya sa igiyar a aljihu. Ta je hutu ba tare da akwati ba, ta dawo. Ba zan ce ajin ya zama aljanna ba, yara yara ne. Amma ban sake ganin an ɗauraye moɗa ba, don duk wanda ya gwada sai a ce masa za a kira Inna. Yarinyar ta gama makaranta, yanzu ungozoma ce a wajen Shanga, kuma an ce ba ta shiru ko kaɗan. Monita yana gyaran injin jirgin ruwa, yana da 'ya'ya da furfura, har yau Jamus ake kiransa. Shi ya kai ta asibitin farko da ta yi aiki, a jirginsa.

Na koyar da wannan darasi sau da yawa bayan nan, kuma har na bar aji ban daina ba, don ina ganin yaron da bai san inda raini ke iya kai mutane ba an tauye masa ilimi. Abin da na koya a Wara shi ne, yara ba su rasa tausayi ba, wanda zai fara miƙewa suke jira. Lacca tana gaya musu abin da ya dace, amma sai sun ga babba ya sha a bakin kwano ɗaya kafin su yarda ba a mutuwa. Duk lokacin da na tuna yaran can na Turai, waɗanda ba a ɗaga musu kwando ba, sai in tuna tabarmar nan, zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Kashegarin wasan na shirya jawabin godiya, na saka tayena, na gangara bakin ruwa. Na sami tsohuwar cikin hayaƙi tana juya kifi. Na gaya mata cewa jiya ta yi abin da manyan ƙasashe suka kasa yi, ta tsaya wa marar gata a gaban sojan Jamus. Ta saurare ni har ƙarshe, tana kore ƙuda.

"Wace Jamus, ɗan nan?" ta ce.

Kwandon nata ne. Sabo ne, kuma jikan nata bai tambaye ta ba kafin ya ɗauko.