Akwatin Wutar da Baba Ya Auna da Hannu

Mahaifina mai agashe ne, wato irin tsiren da muke yi a Sudan, kuma duk abin da zai saya a duniya sai ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina. Nama, kankana, takalmi, har kofin shayi. In ya ji nauyi ya gyaɗa kai, in ya ji abu sakayau ya ajiye. A bakin titin da ke shiga Dar Salam, can ƙarshen Omdurman, yake kafa tukubarsa tun la'asar, kuma mahauta sun san ba a cusa masa ƙashi cikin tsoka. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake cewa, ko da faɗa zai yi mini.

Ita wannan kakar tawa tana yarinya aka taso da ita daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji. Tafiyar ta tsaya a gonakin audugar Jazira, daga baya ta tsaya a Omdurman, kuma ba ta sake ganin garinsu ba. Kafin ta rasu Baba ya riƙa ajiye mata rediyo mai kaset tana ba da labarin hanya, da jakin da ya mutu musu, da rijiyar gidansu da take cewa babu ruwa irin nata. Kaset ɗin suna cikin wani gwangwanin biskit, zafin Omdurman yana cinsu a hankali. Wanda aka kunna sai muryarta ta riƙa ja, wani kuma rediyon ya taune zaren.

Na yi karatun kwamfuta a wata makaranta a Bahri, don haka na ce zan haɗa tawa ta kan tebur in kwashe muryar kafin ta ƙare. Ɗaya bayan ɗaya na tara kayan, har ya rage akwatin wuta, wannan ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka da ke karɓar lantarkin bango ya rarraba wa kayan ciki daidai ƙarfinsu. Na gaya wa Baba cewa malaminmu ya ce mai kyau yana da nauyi, saboda tagulla da ƙarfen da ke cikinsa. Ai kuwa kamar na sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"To wannan ai aikina ne, uwata," in ji shi. "Ke ki karanta rubutun, ni in auna."

Muka hau hafla, wato ƙaramar bas ta haya, muka tsallaka gada zuwa kasuwar Suk Arabi. Har yanzu ina ganinsa cikin farar jallabiyarsa mai ƙamshin yaji da hayaƙi, yana bin shago shago, akwati ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ya lumshe ido kamar mai sauraron huɗuba. Ni kunya duk ta ishe ni. Wani mai shago ya ce masa, "Ya Haj, da ma laham," wato wannan ba nama ba ne. Baba ya ce komai nama ne a wurin mai saye. A ƙarshe ya zaɓi wani baƙi mai zanen walƙiya a jiki, wanda ya fi kowane nauyi, ga shi da araha. Ni ma na duba manyan lambobin da aka buga a kwalin na gamsu. Muka sha shayi wajen wata mai shayi a gindin bishiya, yana ta yi mini tsiya wai makarantar Bahri ba ta koyar da hannu.

Na fara aiki. Ba ni da wayar da ke haɗa rediyo da kwamfuta, sai in kafa makirufo a gaban lasifikar, in roƙi mutanen gida su yi shiru. Kowa yana yi ban da Baba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana yanka albasa, yana tanka wa uwarsa kamar tana zaune a tabarma. In na harare shi ya rufe baki da hannu, can kuma ya manta.

Wata rana da azahar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, irin dawowar da ke sa fankar sama ta yi gurnani. Na ji fas, sai hayaƙi da warin roba. Kwamfuta ta mutu. Ga shi wasu daga cikin kaset ɗin da na riga na kwashe rediyo ya taune su, babu su a ko'ina sai cikin faifan ajiyar kwamfutar, wanda 'yan kasuwa ke kira hardisk. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuka sosai, kamar ranar da aka binne kaka.

Washegari muka kai wa wani mai gyara. Da ya kwance akwatin wutar sai ga dunƙulen siminti an naɗe shi da 'yar waya an manne a gefe, don kawai ya yi nauyi a hannu. Sauran cikin kuwa fayau. Baba ya ɗauki simintin ya jinjina shi, ya daɗe yana kallonsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Abin da ya ce kawai, "Ashe don irina suka yi shi."

Allah ya sa faifan bai ƙone ba. Mai gyaran ya ce kada mu ƙara yarda da lambar kan kwali. A nemi kamfanin da aka sani, wanda mai shago zai yarda ya karɓa in ya lalace, mai kashe kansa idan wuta ta yi yawa maimakon ya tura ta ciki, kuma ƙarfinsa ya ɗan zarce abin da kayan ke ci, don fankarsa ta samu sararin numfashi a zafinmu da ƙurarmu. Ya ce a haɗa da munazzim, na'urar da ke daidaita wutar bango. Da muka je sayen na biyu Baba ya sa hannayensa a baya ya ƙi taɓa komai. Ni na haska tocila ta ramin fankar na ga tagulla ta gaske, sannan na miƙa masa.

"Baba, auna mini."

"Hannun da siminti ya ruɗa?"

"Shi dai nake so."

Ya karɓa, ya jinjina, ya kai hanci ya shinshina. "Tamam," ya ce, wato ya yi daidai. Wannan akwatin ya yi ta shan ɗaukewar wuta da dawowarta bai taɓa ba ni kunya ba, har na gama kwashe gwangwanin kaf.

Sai yaƙi ya zo. Da zama ya gagara, ni da mahaifiyata muka fita. Kwamfutar ba ta ɗaukuwa, na kwance faifan kawai na naɗe shi a mayafi. Baba ya ce shi ba zai bar gida ba, uwarsa ta yi masa tafiyar da za ta ishe shi. Ciwo ya kama shi a lokacin da babu magani a unguwa, maƙwabta suka yi masa sutura. A waya aka gaya mana.

Yanzu a Kano nake, garin da kakata ta mutu tana begensa, ni kuma ina zaune cikinsa ina begen Omdurman. Ina kewar ƙarar hafla a kan gada, da hayaƙin tukuba idan iskar la'asar ta kaɗo shi cikin gida. Faifan ya daɗe a ƙasan akwatin kayana, don tsoron wutar nan nake ji, ita ma ba ta da alƙawari. Da na tashi haɗa wata kwamfutar na je shago sayen akwatin wuta, na bi duk abin da mai gyara ya ce, na karanta, na haska tocila. Sai kawai na ga akwatin a tafin hannuna ina jinjina shi, ido a lumshe. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ba nama ba ne." Na biya shi na ɗauka.

Na kai gida na haɗa, na yi bismillah na danna. Fanka ta juya. Muryar kaka ta fito tana labarin rijiya, ga ƙarar wuƙa a kan katako a bayanta. Sai na ji shi, daga bakin ƙofa, yana cewa, "Haka ne, Inna, haka ne." Sai tawa muryar, cike da haushi: "Baba, don Allah yi shiru mana." Ya yi ƙasa da murya, da dariya a ciki, ya ce, "To, uwata, na yi shiru."