Rediyon Kaka da Laifin Rana

Kakana yana da wani tsohon rediyo baƙi wanda aka ɗaure murfin batirinsa da roba. Kullum bayan azahar yakan zauna gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Samaru, ya kamo tashoshin ƙasashen waje. Ni ce mai kai masa ruwa. In na ajiye kofi sai in raɓe a gefe, don ban iya magana a gaban mutane ba, kallo kawai na iya.

Mutum ɗaya ne ke taɓa cikin rediyon nan, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai shagon gyaran rediyo a unguwar PZ, haifaffen Sabon Gari. Kaka na kiransa Injiniya. Tun suna samari suke tare, kuma kusan kullum da faɗa suke rabuwa.

Wata Asabar Injiniya ya gyara wa rediyon maɓallin murya. Washegari ana tsakiyar labarai sai maganar ta dusashe, ta ɓace, sai shuuu. Kaka ya murɗa nan, ya murɗa can. Tashoshin gida na nan garau, na waje kuwa babu ko ɗaya.

"Ya cire min kayan Turai ya sa na gida," in ji Kaka. Ya tura rediyon cikin jaka, ya ce mu taso. Ni zan riƙe jaka, yayata kuma, da ke karatun kimiyya a jami'a, ita ce shaida.

A cikin Keke Yaya ta duba wayarta ta ce, "Kaka, ba laifinsa ba ne. Rana ce ta yi aman wuta."

"To, Malama, sai ki kai ta asibiti."

Yaya ta daure ta yi bayani. Ta ce can sama, nesa da inda jirgi ke bi, hasken rana na fizge wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki daga jikin iska, sunansu elektiron. Iskar da suke yawo a sake a cikinta ita ce filasma. Muryar da ta taso daga wata ƙasa takan bugi wannan shimfiɗa ta dawo ƙasa, kamar ƙwallo a bango. Amma in rana ta yi aman nan, sai su yi yawa a can ƙasa-ƙasa, su shanye muryar kafin ta kai bangon.

"Wato akwai yara a sama masu shan labarai," in ji Kaka. "Ubanki na biyan kuɗin makaranta dai ko?"

Mai Keke ya yi dariya har ya kusa taka wata akuya a Hanwa.

Mun tarar da Injiniya a tsaye, gilashinsa a goshi. Kaka bai ko gaishe shi ba ya dire rediyon a kan tebur ya ce a mayar masa da kayansa. Da farko Injiniya ya zaci wasan da suka saba ne. Da ya ga ba wasa, sai ya cire gilashin ya ninke a hankali.

"Baba, ni kake kira ɓarawo? Ɗauki abinka. Kada ka ƙara kawo min ko tocila."

Ban taɓa ganin sun yi faɗa da ƙaramar murya ba, sai na ji tsoro. Idona ya sauka kan teburin. Akwai wani jan rediyo da Injiniya ba ya bari kowa ya taɓa, nasa ne na kansa. Ga shi a kife, bayansa a buɗe, ƙananan kusoshinsa a cikin murfin kwalba. Na ja mayafin Yaya na raɗa mata.

"Amarya, me kike ƙus-ƙus?" in ji Kaka. "Faɗa mu ji."

Na kalli ƙafafuna na ce, "Nasa ma ya mutu."

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce tun bayan azahar yake neman abin da ya lalace, har ya aika an zagi mai batir. Ana cikin haka sai rediyon Kaka, da ba wanda ya kashe tun daga gida, ya yi tari, wani mutum ya ci gaba da magana daga wata uwa duniya kamar ba abin da ya faru.

Kaka ya daɗe yana gyara hula. Sannan ya jawo benci ya zauna, ya aike ni in sayo lemo mai sanyi. Da na dawo na same shi yana nuna rufin shagon da sandarsa.

"Kai ba ka sani ba, Injiniya, akwai wasu ƙananan abubuwa a sama. In rana ta cika musu ciki..."

"Elektiron," in ji Yaya.

"Ke, manya na magana."

Injiniya ya karɓi lemon, ya mayar da gilashinsa, ya ce robar murfin nan ta tsufa, bari ya canza ta.