Tabon Ruwan Zafi a Ƙirjin Zaituna

Zaituna mai lalle maƙwabciyata ce a unguwar Al-Murabba ta birnin Riyad, ƙofarta na kallon tawa a bene guda. A Riyad ta girma, Larabcinta ya fi Hausarta sauri, kuma amaren Larabawa layi suke yi a hannunta. Mijinta Basiru direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci.

Tun goyon ɗanta na fari, Uwais, ƙurji ya cinye mata nonon hagu. Ya warke, amma ya tsotse, ya koma kamar tsohuwar jaka. Shekaru da yawa tana cusa tsumma a rigar nono. Mata suna ce mata, "To wa ke gani? Ba abaya kike sawa ba?" Ita kuwa sai ta ce, "Ni nake gani. Da abaya nake wanka?"

Da Uwais ya shiga sakandare, ta je wani asibitin kuɗi aka yi mata tiyata, aka sa mata robar silikon a nonon da ya tsotse. Basiru ya sa hannu a takardar izini yana gunaguni. Ba ta nemi shawarar kowa a benen ba, abin da aka fi jin haushi ke nan.

Bayan aikin wurin ya kumbura, ya yi tauri, ya hau sama fiye da ɗan'uwansa. Likita ya riga ya gaya mata kumburin zai sauka da kansa, kada ta sa masa zafi. Amma ta duƙufa a waya tana kallon matan da robarsu ta fashe, da waɗanda aka sake yankawa aka ciro. Ta daina cin abinci. Komawa asibiti kuma sai Basiru ya kai ta, don lokacin mata ba su fara tuƙi a Saudiyya ba, ita kuwa ba ta son jin "ai na gaya miki."

Sai ta kira Biba. Biba 'yar Maraɗi ce, ita ke yi wa matanmu wankan jego a garin nan, kuma a wurinta babu kumburin da ruwan zafi ba ya saukarwa. Ina zaune ta shigo, ta latsa wurin da yatsa.

"Jini ne ya daskare. Gashi yake so."

"Inna, likita ya ce ban da zafi."

"Likitan ya taɓa haihuwa? Kwanta, 'yar nan."

Ta tafasa ruwa, ta tsoma tawul, ta matse, ta ɗora. Biba da ihun mace take auna zafi: in ta yi ƙara, sai ta ɗaga. Zaituna ba ta yi ƙara ba, domin fatar wurin a mace take tun bayan yankan, ba ta jin komai. Biba ta ce, "Kin ga jaruma! 'Yan matan yanzu da tuni sun tara mana jama'a." Ta ƙara tsomawa.

Washegari fatar ta tashi ta yi ruwa, faɗin tafin hannu. Zaituna ta kira mijinta a wurin aiki.

"Baban Uwais, zo ka kai ni asibiti. Abin da za ka faɗa, ka faɗe shi a mota, in mun isa ka yi shiru."

Na raka su. Idonsa na kan titi har muka isa. Likitan ya duba, ya ce ƙunar na kan fatar da ta rufe robar. In ta ci ciki ta yi mugunya, dole a ciro robar, kuma ba lallai a iya mayarwa ba. Ya ce in tana son kwanciyar hankali, a cire yanzu a huta. Basiru ya gyaɗa kai. Zaituna ta ce, "In ta ruɓe, ka cire, ba zan yi maka gardama ba. Amma ba ta ruɓe ba tukuna. Nuna mini yadda ake wankewa."

Kafin mu dawo labari ya gama benen. Mata suka yi ta shigowa dubiya da ayaba da wa'azi. Sumayya ta hawa na uku ta ce, "Ishara ce, Zaituna. An taɓa halittar Allah."

"Ƙurjin da ya cinye na farkon, shi kuma isharar me ce? Lokacin ban taɓa komai ba. Wannan tawul ne, Sumayya. Tawul da tsorona."

Daga nan ta daina rufe ƙofa lokacin wankin ciwo. Duk macen da ta zo gulma, sai ta miƙa mata auduga ta ce, "Yalla, maza riƙe mini." Wasu suka daina zuwa. Biba ba ta daina ba. Ba ta ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne, amma kullum sai ta zo ta wanke hannu har gwiwa ta riƙe bandeji, tana mita cewa maganin Bature ba shi da ƙamshi.

Akwai ranar da zazzaɓi ya kama Zaituna, gefen ciwon ya yi ja. Ta shirya jakarta da kanta, ta ce mini, "Gwaggo, in sun ciro, ki ce su ba ni abata in gani." Aka yi mata allurai, aka sallamo ta da robarta a jikinta.

Ciwon ya daɗe kafin ya rufe. Kumburin da ya jawo duk wannan ya sauka da kansa, kamar yadda aka faɗa tun farko. Tabon ya zauna, fari-fari, mai faɗi. Likita ya ce ana iya gyara shi, ta ce ta gaji da wuƙa.

Tsummokaran da take cusawa a da, ta wanke su ta mayar da su na goge lalle. Na gan ta tana share yatsun wata amarya da ɗaya daga ciki, tana yi mata tsawa ta daina motsi.