Ko-ta-kwana da aikin idona

Ƙanena, wanda duk gidanmu ke kira Ko-ta-kwana, bai yarda da abu guda ɗaya ba. Tabarau biyu gare shi, makullin gida biyu, har buroshin haƙori yana da na jira. Aiki ne ya ɓata shi. Ya yi furfura a wani ɗaki mai sanyi marar taga, yana kula da kwamfutocin kamfani da ke jere cikin akwatunan ƙarfe masu tsawon mutum.

Ya taɓa kai ni na gani. A bayan kowane akwati akwai ƙananan na'urori biyu. Ɗaya ke mulki: ta juya fanka, ta raba wuta, ta lura da zafi. A kai a kai tana aika wa 'yar'uwarta saƙo cewa tana nan da rai. Da saƙon ya yanke, sai mai jiran ta karɓi aiki.

Na ce, "Wato wannan zaman banza take yi."

Ya ce, "Yaya, zaman nan shi ne aikinta."

Da za a cire mini yanar ido, likita ya ce kada in kuskura in koma gida ni kaɗai. Ko-ta-kwana ya tsara mu kamar akwatinsa. Matarsa za ta ɗauko ni a mota. 'Yata ce mai jira, kuma kada ta motsa muddin matar kawunta na turo mata "ina nan".

Aka gama aiki, aka liƙe mini ido da auduga, aka zaunar da ni a benci. Ɗaya idon kuwa da ma can hazo yake gani. Masu shara suka zo, na ɗaga ƙafa suka share, suka tafi. Ashe motar ta mutu a hanya, baiwar Allah tana zaune a inuwar bakanike tana ta tura "ina nan", yadda mijinta ya umarta. 'Yata kuwa tana gida tana wanki, hankali kwance.

Wata nas na roƙa ta kira mini ƙanen nawa. Ya iso yana haki, da rigar sanyin ɗakin aikinsa a jiki.

"Yaya, ai saƙon bai yanke ba."

"Tana nan, ni ma ina nan. Wa ya ce maka zama ya kai ni gida?"

Ya kama hannuna zuwa tasi. Muna hanya na ji yana waya da abokin aikinsa, wai su binciki na'urorin nan, ko akwai mai cewa tana nan alhali fankarta ta tsaya.

Ranar aikin ido na biyu ya zo da sabon tsari, yana bayani. Na ce ya zauna a bencin nan har in fito. Ya zauna. Matarsa kuma tana waje cikin tasi, wai ko da zai yi gyangyaɗi.