Atika da Tasar da ta Tono a Kufai

Atika ba ta iya zama ba. Ko tuwo a tsaye take cin sa, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Na yi maƙwabtaka da ita a Sabon Gari tun 1956, lokacin da na gama makarantar horon malamai aka ba ni aji a lakwal ɗin ƴan mata. Gajeriyar katanga ce tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba.

Haifaffiyar Jiratawa ce, ɗiyar masu ginin tukwane. Aure ne ya kawo ta tsohon garin Maraɗi, can ƙasa kusa da gulbi, kuma a nan ta zama mai jere, wato mai shirya wa amarya ɗakinta. Sauran masu jere su tara ƙorai, su rataya ragaya, su liƙa faya-fayai, shi ke nan. Ita kuwa sai ta sa a yi sabon yaɓe, tun yana ɗanye ta riƙa danna kaya a ciki: tasa a nan, farantin tangaran a can, duwatsun wuya a jere tsakaninsu. In yaɓen ya bushe, kayan sun zama bango. Ba ta taɓa yin ɗaki biyu iri ɗaya ba, kuma ba ta taɓa fita daga ɗaki tana jin ta gama ba.

Ruwan 1945 ya cinye tsohon gari. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka koma tudu, aka ja tituna a miƙe kamar da igiya. Mijinta bai daɗe a tudun ba ya rasu. Ba ta haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Sabon wurin bai taɓa kwanta mata ba. Takan ce gari ne marar kwana ko lungu, mutum na fitowa daga gida kowa ya san inda za shi.

Da rani sai ta ɗauki ƴar fartanya da ƙwarya ta gangara kufai. Ta san inda kowane gida yake a da, ta kuma san inda ruwa ya tara kaya. Takan dawo da laka har gwiwa, a ƙwaryar akwai munduwa, ko kwalbar turare shuɗiya, ko murjani. Ta wanke su da toka da tsamiya, ta zuba a wata tsohuwar randa, ta sake fita.

A shekarun nan gyaɗa ta yi daraja. Kamyo, wato babbar motar kaya, ya tafi Kano da buhuna, ya dawo da kwanukan fenti masu furanni. Kowace amarya su take so, a jera su tun daga ƙasa har rufi. Atika ta tsane su.

"Ki shiga ɗaki goma, Malama," ta ce mini ta saman katanga, "duk fure ɗaya ne ke kallonki. In miji ya ɓata hanya ya faɗa ɗakin maƙwabta, wa zai ga laifinsa?"

Masu kiranta suka yi ta raguwa.

Da kakar 1957 aka sa ranar auren Rahmatu, ɗiyar ƙanenta Nomau na Jiratawa. Ita ta zaɓi mijinta, Sha'ibu, direban kamyo, wanda ya gina ɗaki a layinmu. Danginsa duk ƴan tsohon gari ne, kuma ƙannensa mata sun saba ganin kayan Kano tun kafin su iso kasuwa. Geron Nomau bai yi kyau ba a shekarar. Abin da ya iya saya na kwano bai isa ya rufe ko kusurwa ɗaya ba.

Rahmatu ta zo wurin gwaggonta ina nan zaune.

"Gwaggo, ni ban ce sai na fi kowa ba. Abu ɗaya nike roƙo. Ranar ganin ɗaki kada dangin Sha'ibu su yi mini dariya."

"Dariya? Bakinsu ma ba zai rufu ba."

"Abin da nike tsoro ke nan," in ji Rahmatu.

Atika ta juye randar a tsakar gida. Cikin kayan akwai wata tasar tagulla mai faɗi, aikin Nupe, da zane a gewayenta da ɗan lotsawa a baki. Ta goge ta har tana ɗaukar ido.

Na ce mata, "Inna Atika, kayan nan da masu su. Tsintuwa sai da cigiya."

"Ke da lakwal ɗinki. Je ki koya wa yara a, be, se."

Ba ta ƙara saurarona ba. Mako guda ta yi tana safa da marwa tsakanin gidanta da ɗakin amarya. Ta danna abu, ta ja baya, ta cire, ta sa magini ya sake yaɓe wurin. Sau biyu maginin ya ajiye aiki ya tafi, sau biyu ta bi shi ta dawo da shi. Da aka gama, zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ɗaki kamarsa ba. Tasar tana tsakiyar bango daidai fuskar mai shigowa, faranta sun kewaye ta, murjani da shuɗin kwalba sun bi tsakani har kan gado. Ƴan kwanukan Nomau ta tura su bayan ƙofa.

Washegarin kai amarya matan dangin ango suka zo ganin ɗaki. Rahmatu na zaune a bakin gado cikin lulluɓi, ba ta da bakin magana ranar. Suka shigo da surutu, sai surutun ya mutu. Atika na tsaye a bakin ƙofa tana ɗaga ƙafa tana saukewa.

A cikinsu akwai Baraka, kakar ango, wadda ta koma Tsibiri wurin ɗanta tun bayan ruwan. Ta dogara sandarta har gaban bango, ta sa yatsa a kan lotsawar nan.

"Atika, zo nan. Ina kika samo wagga?"

"Inda kika bar ta, Iya."

"Ban bar ta ba. Ruwa ne ya ƙwace ta. Ta uwata ce. Wanga rauni kuwa uban angon nan ne ya yi shi, ya jefa ta kan dutsen niƙa lokacin da nike yaye shi."

"To ni laka ta ba ni. Shekara da shekaru tana kwance, wa ya duƙa cikinku?"

"Kin yi cigiya?"

"In yi cigiya ga wa? Gari duka ne ya ɓata."

Daga nan kowace tsohuwa ta matso tana ƙura wa bangon ido, ba don kyansa ba. Wata ta gane farantinta. Wata ta ce munduwar ta ɗiyarta ce. Wata ma da ba ta taɓa zama a tsohon gari ba ta ce kwalbar ta yi mata kama da tata. Tasalla, ƙanwar ango, ta jingina da ƙofa ta ce, "Ashe ɗakin kufai aka yi wa Yaya. Amarya, in kin ji motsi a bango kada ki tsorata, masu kaya ne." Ƴan matan suka fashe da dariya. Ina kallon ƙafafun Rahmatu daga ƙarƙashin lulluɓi, yatsun sun lanƙwashe sun kama tabarma.

Baraka ba ta yi dariya ba. Ta ce a miƙo mata wuƙa, ta ɓamɓare tasarta da hannunta, ta ɗaure a gefen zane. Mai faranti da mai munduwa suka bi sahunta. Da suka watse, bangon ya zama kamar bakin tsohuwa, giɓi nan giɓi can, da wani babban gurbi zagayayye a tsakiya.

Rahmatu ta yaye lulluɓin. Ba ta yi kuka ba.

"Gwaggo, abu ɗaya na roƙe ki."

Atika ba ta juyo ba. Ramukan take aunawa da tafin hannu.

Da safe ta kama hanyar Jiratawa a ƙafa. Ta dawo da ƴan marufan tukwane masu jan zane da kaskon turare daga gidan ubanta, ta toshe ƙananan ramukan. Babban ne ya gagare ta. Faifai ya yi ƙanƙanta, akushi ya yi zurfi. Na kawo mata kwanon fenti daga ɗakina. Ta riƙe shi a bakin gurbin, ya kusa dacewa, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar mini. Rahmatu ta ce a yaɓe wurin kawai a huta. Atika ta ce a jira. Me ake jira, ita ma ba ta sani ba. Kullum tana shiga ɗakin sau da yawa, ta tsaya, ta fita. A bakin rijiya kuwa an riga an raɗa wa yarinyar suna: amaryar kufai.

Ranar kasuwa wata mai tallan daddawa daga Tsibiri ta yi sallama a gidan Sha'ibu. Ta sauke tasar tagullar nan, cike da dawo, an rufe da faifai.

"Iya Baraka ta ce a ba amarya. Ta ce dawon kyauta ne, tasar kuwa aro."

Aka dama fura aka sha. Rahmatu na gama wanke tasar, sai Atika ta fizge ta, ta danna a gurbinta. Ta zauna daram.

"Ciro ta, Gwaggo. Kin ji saƙon."

"Ta kwana dai."

"Ta kwana. Ranar kasuwa ta koma."

Kwanon da ya zo da abinci ba ya komawa wofi, kowa ya san wannan. Rahmatu ta zuba goro da ɗan gishiri ta ba mai daddawar. Da mako ya zagayo tasar ta dawo da dakuwa. Ta koma da kuka da kuɓewa busasshiya. Haka ta riƙa yi, kwanaki a bango, kwanaki a Tsibiri. Baraka ba ta taɓa cewa ta ba da ita ba, Rahmatu ba ta taɓa roƙo ba.

Dariyar ta tsaya a nan. Cikin matan jikokin Baraka babu wadda ta taɓa samun ko ƙwayar gero a tasar uwar Baraka, kuma duk dangi sun ga wadda ke samu. Tasalla ta koma shiga ɗakin da sallama. Sunan dai bai goge ba. Har Rahmatu ta yi jikoki ana ce mata amaryar kufai, tana amsawa.

Atika kuwa ba a sake kiranta jere ba. Ba wanda ke son a ɓamɓare masa bango a gaban baƙi. Ba ta daina tono ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kuskure ba. Abin da ya sake shi ne, ranar kasuwa takan shimfiɗa tabarma a bakin hanya ta baza abin da ta samo, ta tafi yawonta. Wanda ya gane nasa ya ɗauka. Na ce mata ai wannan ita ce cigiyar. Ta ce a'a, shanya take yi.

Baraka ta rasu da daminar 1959, tasar tana bangon Rahmatu. Rahmatu ta jira har aka yi sadakar arba'in. Ba wanda ya zo daga Tsibiri neman ta, sai ta kira magini ya zagaye bakin tasar da yaɓe.

Atika ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ta karkata kai ta duba.

"Ta karkace," ta ce.

Kafin Rahmatu ta ba ta amsa, Atika ta kai bakin titi.