Ruwa a Cikin Jirgi

Mahaifina ya tsufa yana tuƙa kwalekwale a Yawuri. Da na kawo shi Doha aka cire masa yanar ido, sai bakina ya ja mini. Muna shan shayi a gidana da ke unguwar Bin Mahmud na ba shi labarin wani farin jirgin shaƙatawa da nake gani a bakin teku, na ce har tafkin wanka gare shi a sama.

Ya ajiye kofi. "Ruwa a cikin jirgi? Mu da muke kwashe shi da ƙwarya don kada mu nitse? Ashe zaman nan ya koya maka ƙarya."

Maganar ta ƙona mini rai, don bai taɓa ƙaryata ni ba. Na kai shi bakin tekun, muka tarar wayam, jirgi ya fita. Na buɗe manhajar da ke nuna inda jiragen ruwa suke. Ga shi nan, ɗan ɗigo a tsakiyar shuɗi, an rubuta tsawonsa ya fi filin ƙwallo, ga saurinsa, ga inda ya dosa. Baba ya ce ɗigo ba jirgi ba ne, hoto kuma kowa na iya haɗawa.

Na koma gadin ɗigon nan kamar mai jiran tuwo ya nuna. A ofis ina leƙawa, bayan kowace salla ina leƙawa, ranar komawar Baba kuwa tana ta matsowa. Ana gobe zai tafi, da hantsi, ɗigon ya juyo da hancinsa Doha.

Muna tsaye a bakin teku ni da Baba jirgin ya shigo. Ni da na saba ganinsa ma sai da tsigar jikina ta tashi: bene kan bene, fari fat, yana tsaga ruwa ba ƙara. Can sama wani mutum ya yi tsalle ya faɗa, ruwa ya fantsama a cikin jirgin, ya kuma ɗago kai yana iyo.

Sabon idon Baba ya kawo ƙwalla. "Ikon Allah," ya ce. "Ka yafe mini."

Mun kusa mota ya riƙo hannuna. "To ni yanzu wa zan faɗa wa a Yawuri? Maƙaryaci za su ce da ni."