Ruwan Dusa

Shekarar da fari ya kai mu ga cinye irin shuka, na tashi daga Hawandawaki zuwa Tasawa neman abin da zan saka a ƙasa idan ruwa ya sauka. Soja ne ke mulki lokacin, su ke tsaron ƙofar mangaza, rumbun hatsin gwamnati, kuma ba a shiga sai da sanayya. Ni kuwa sanayyata ɗaya ce, Yaya, ɗan wan babana da ke aikin biro, wato ofishin gwamnati, wanda muka tashi muna cin tuwo a akushi guda.

Na tarar ya gama sabon gida na siminti. Ko ruwa ban gama sha ba matarsa ta ja ni ɗakin baƙi. Tun tana amarya muke wasa da ita, irin na matar wa da ƙanin miji, tana ce mini mijinta, ina ce mata ba ta iya dama fura ba. Mai fenti ya shafa musu kala biyu a bango, kowanne kamar faɗin faifai, wai sun kwana suna gardama a kai. Yaya na son na dama don ya fi haske, ita tana son na hagu don ba ya nuna dauɗa. Sunayen ma da Faransanci suke faɗa. Ni dai a idona duk ruwan ƙasa ne, ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Na tsaya ina kallo, cikina na kuka, ina neman kafar kawo zancen iri. Aka kai ni bakin taga in duba, aka dawo da ni bakin ƙofa. Har yau ina jin haushin yadda na yi ta gyaɗa kai kamar wanda ya san abin.

Ta ce, "Mijina, kai za ka raba mu. Wane ya hi?"

Na nuna nata, na ce, "Wanga dai na san shi. Ruwan dussa ne, ita muke ci a gida tun watan jiya."

Da dariya na faɗa, ina zaton wasa zai buɗe mini ƙofar roƙo. Ba wanda ya yi dariyar. Ta gyara ɗankwali ta fice, Yaya ya dubi agogonsa ya ce ana jiransa a biro, zancen hatsi kuma ba a hannunsa yake ba, ko da yake ban kai ga tambaya ba. Ashe wasan nan namu sai ciki biyu sun ƙoshi yake ci.

Da zan tafi ta aiko a ba ni ƙunshi. Sai da na fita gari na kwance, na ga dusa ce, daga wadda suke ba ragonsu. Ban zubar ba, da iyali a gida. Ruwa ya sauka a kan lokaci, maƙwabta suka yi shuka, gonata ta fid da ciyawa.

Bayan shekaru na koma gidan gaisuwar rasuwar Yaya, aka zaunar da mu a ɗakin nan. Na dama suka shafa. Na dube shi da kyau, na rantse shi ma ruwan dusa ne.